Lambun Dutsen Toma: wai da gaske a kan dutse mai aman wuta yake?

Wani ƙanenmu da ke karatu a Sidni ne ya turo tambayar, na ɗan taƙaita ta: "Yaya, iyalina sun zo hutu tare da Hajiyarmu, ina so in fita da su bayan gari. An ba ni labarin wani lambun tsirrai a Mount Tomah cikin Blue Mountains, wai a kan dutse mai aman wuta aka yi shi. Da gaske ne? Babu haɗari? Za mu ga ramin da wutar ke fitowa? Kuma wane wata ya fi dacewa, tunda akwai yara da tsohuwa?"

Toh ƙanena, sannu da karatu, a gaida Hajiya da kyau. Bari in fara cire maka fargaba, babu abin da zai fashe a ƙarƙashin ƙafarku. Narkakken dutsen da ya rufe saman Toma da maƙwabtansa ya kwarara ne tun kimanin shekaru miliyan 14 zuwa 18 da suka wuce, ya huce, ya daskare, har ruwan sama ya cinye mafi yawansa. Aman wuta na baya-bayan nan a babban yankin Ostireliya ma can kudu ne, wajen Mount Gambier, kimanin shekaru 5,000 da suka wuce, kuma tsakaninsa da ku ya fi kilomita 1,000. Maganar rami kuwa, in har ka riga ka yi wa yara alkawarin za su leƙa rami mai hayaƙi irin na talabijin to gara ka janye alkawarin tun a gida, don babu shi, babu ko alamarsa. Abin da ya saura shi ne shimfiɗar baƙin dutse, wanda mu masu ilimin duwatsu muke kira basalt, zaune a ƙololuwar dutsen. Kuma ni a wurina wannan shimfiɗar ita ce dalilin zuwa, don da babu ita da babu lambun sam.

Ga yadda abin yake in ka yanka dutsen daga sama zuwa ƙasa. Can ƙasa akwai kwal, irin wanda aka daɗe ana haƙa a Lithgow, gaba da lambun ta yamma, shi ya haura shekaru miliyan 250. A kansa sai dutsen yashi mai kaurin ɗaruruwan mitoci, yashi ne da manyan koguna suka riƙa jibgewa a zamanin da ake kira Tirayasik, ya danne juna ya zama dutse, shi ne wannan mai ruwan ɗorawa da ka gani a tsofaffin gine-ginen Sidni kuma shi ne bangayen nan masu tsayi da ake ɗauka a hoto a Katoomba. A kan dutsen yashin akwai ɗan siririn dutsen laka a wasu wurare, sannan can sama, a kan 'yan tsirarun duwatsu kawai, irin su Toma da Wilson da Irvine da Banks da Hay, sai baƙin dutsen nan mai kaurin gomman mitoci. Wato tsakanin dutsen yashin da baƙin dutsen da ke kansa akwai tazarar sama da shekaru miliyan 200, kai kuma a mota cikin 'yan mintuna za ka haye daga wannan zuwa wancan ba tare da ka lura ba, sai fa in an ce maka ka lura.

Yanzu abin da ɗalibai ke yi mini gardama a kai kullum. Narkakken basalt ruwa-ruwa ne, zafinsa ya kai digiri 1,100 zuwa 1,200, ba ya cika tashi sama da ƙara kamar yadda mutane ke zato, yawanci ta tsaguwar ƙasa yake ɓulɓulowa ya malala, kuma duk abin da ke malala gangare yake nema, ba tudu ba. To in haka ne me ya kai shi ƙololuwar dutse mai tsayin mita 1,000? Amsar ita ce a lokacin da ya kwarara nan wurin ba ƙololuwa ba ne, shi ne ma wurin da ya fi ƙasa a yankin, kwari ne ko fili mai faɗi da ruwa ke bi. Baƙin dutsen ya cika kwarin ya daskare, ya kare abin da ke ƙarƙashinsa, ruwan da ya saba bi ta nan ya rasa hanya sai ya koma gefe da gefe yana cin dutsen yashi, a hankali a hankali shekaru miliyoyi, har gefen da a da ya fi tsayi ya zaizaye ya zama kwari mai zurfi, tsohon kwarin kuma ya rage a sama. In kun zauna a barandar lambun kuna kallon kwaruruka a ƙasanku, ka gaya wa yaran cewa inda suke zaune a da shi ne ƙasa. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san aikin kuza a Jos, don a can ma narkakken basalt ya binne tsofaffin koguna da tsakuwarsu mai kuza, shi ya sa masu haƙa suka riƙa neman kuza a ƙarƙashin baƙin dutse, tsohon gadon kogi suke bi. Aiki ɗaya ne, sai dai a Blue Mountains zaizayar ta yi nisa sosai.

Amfanin wannan ga masu bincike shi ne ya ba su agogo. Ana iya auna shekarun basalt a ɗakin gwaji ta hanyar sinadarin fotasiyam da ke rikiɗewa zuwa iskar agon, to tunda an san lokacin da ya kwarara, kuma ana ganin zurfin kwarin Grose da ke kudu da shi, sai a ƙiyasta saurin da ruwa ke cin dutse. In ka raba zurfin da shekarun abin ba ya wuce 'yan mitoci goma-goma a kowace shekara miliyan, wato a rayuwar mutum ɗaya 'yan milimita kaɗan ne kawai. Shi kansa Charles Darwin da ya zo yankin a 1836 ya tsaya a bakin waɗannan kwaruruka, girmansu ya sa ya kasa yarda cewa 'yan rafukan da ke ƙasa ne suka yi aikin, sai ya ɗora wa teku. Rafukan ne, lokaci kawai suka samu.

Sai maganar ƙasa, wadda ita ce zuciyar abin. Dutsen yashi kusan duk ƙwayar kwaz ce, wani ma'adini mai tauri, in ya ruɓe yashi yake komawa, fari ko toka-toka, marar zurfi, ba ya riƙe ruwa, kuma fosforas ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, yana cikin ire-iren ƙasa mafiya talaucin abinci da tsiro ke rayuwa a kai. Shi ya sa dajin da ke kansa gajere ne, ganyensa ƙanana masu tauri da kaifi, tsirrai ne da suka koyi zama da yunwa. Basalt kuwa ma'adinan da ke cikinsa, olibin da firoksin da felsfa, suna ɗauke da ƙarfe da magniziyam da kalsiyam, akwai ɗan fosforas ma, kuma suna saurin ruɓewa in akwai ruwa. In sun ruɓe sai su ba da yumɓu ja mai duhu, jan kuma daga tsatsar ƙarfen ne, mai zurfi, wanda ke dunƙulewa ƙanana-ƙanana yadda iska da saiwa za su ratsa shi amma ya riƙe laima. A nan ne nake ɗan saɓawa da yadda ake yawan faɗa, wai ƙasar aman wuta taki ce zalla. Ba haka kai tsaye ba. Tsohuwar ƙasar basalt da ruwa ya daɗe yana wankewa tana da tsami, kuma ƙarfen da ke cikinta yana kama fosforas ya riƙe shi gam, manomin da ya yi noma a irinta ya san sai ya ƙara taki. Babbar falalarta zurfi ne da riƙe ruwa da sauƙin ratsawar saiwa, abincin kuma ya fi na dutsen yashi nesa ba kusa ba amma ba wai ba ya ƙarewa ba. Ƙara da cewa baƙin dutsen a tsattsage yake, ruwan sama yana shiga tsagogin ya taru, in ya sauka ya tarar da dutsen laka da ba ya wucewa sai ya tsattsafo ta gefen dutsen, shi ya sa gangaren ke zama da danshi ko an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Ruwan saman ma ba kaɗan ba ne, ya kai kusan milimita 1,500 a shekara.

In kana so ka ga wannan da idonka ba a takarda ba, akwai Mount Banks, 'yan kilomitoci gaba da lambun a kan hanya ɗaya, da wurin ajiye mota da 'yar hanyar ƙafa zuwa sama. Wannan ba na Hajiya ba ne, kai da manyan yaran ne in da ƙarfi. Farkon hawan a fili kake, ƙasa fara mai tsakuwa, tsirrai iya gwiwa ko ƙugu, masu soka ƙafa, iska na kaɗa ka ta ko'ina, ga kwarin Grose a buɗe. Kana cikin hawa sai ka ga takalminka ya fara ɗaukar ja, ƙasar ta yi laushi, cikin 'yan taku kaɗan ka shiga inuwar dogayen bishiyoyi da ciyawa kore a ƙarƙashinsu, har ka daina ganin kwarin saboda duhuwa. Ba ruwan saman ne ya canja ba, ba tsayin ba ne, dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarka ne ya canja. Ni ban san wani wuri da ke koyar da alaƙar dutse da ƙasa da tsiro cikin sauƙi kamar wannan gangaren ba, malamin da ya kai ɗalibai nan ya huta da dogon bayani. Ko ba ku hau ba, a mota ma za ka lura, kana matsowa Toma bishiyoyin gefen titi suna ƙara tsayi da kauri, bangon da aka yanka don titi yana komawa ja.

A cikin lambun kansa ka sa ido a kan duwatsun da aka yi bango da matakala da su, za ka ga baƙin dutse mai siffar ginshiƙi, mai kusurwa biyar ko shida kamar an sassaƙa. Babu wanda ya sassaƙa. In narkakken dutse yana hucewa yana tsukewa, sai ya tsage, irin yadda tabon fadama ke tsagewa gida-gida in ya bushe da rani, bambancin kawai a nan tsagar tana ci gaba da nitsawa ciki yayin da sanyin ke shiga, sai a samu dogayen ginshiƙai. In hucewar ta yi a hankali ginshiƙan su yi kauri su daidaita, in ta yi sauri su yi sirara su karkace. Ka samu wani da ya fashe ka duba bakin fashewar, bayan ruwan ƙasa ne ko ja kamar tsatsa, kaurin ɗan yatsa ko ƙasa da haka, cikin kuma baƙi ƙirin mai ƙwaya ƙanana da ido ba ya rabewa, wani lokaci da ɗigo-ɗigon kore mai sheƙi, olibin ke nan. Wannan jan bayan shi ne ƙasar lambun tana kan hanyar zama ƙasa. Ka ba yaro ya ɗaga shi ya ɗaga dutsen yashi mai girma ɗaya, zai ji baƙin ya fi nauyi sosai. Sai a ajiye a inda aka ɗauka, ba a fita da komai daga lambun.

Sanyin kuma abu biyu ne suka haɗu. Na farko tsayi, a ƙa'ida duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, don haka in Sidni na 24 ka sa ran 17 ko 18 a sama, in da iska ko hazo kuma jiki zai ji kamar ya fi haka. Na biyu nisa daga tsakiyar duniya. Kada ka ce ai Jos ta fi nan tsayi, mita 1,200 da wani abu, kuma ka sha zuwa da 'yar suwaita. Jos tana wajen digiri 10 ne arewa da layin tsakiyar duniya, Toma kuwa ya haura digiri 33 kudu, da hunturu ranar gajera ce kuma a karkace take, raɓa tana daskarewa da asuba, wasu shekarun har dusar ƙanƙara na sauka. Wannan sanyin ne ake nema. Akwai bishiyoyi da furannin da sai sun sha sanyi na wasu makonni kafin su yi toho ko fure da kyau, a lambun gwamnati na bakin teku a Sidni, wanda aka kafa tun 1816, ba sa jin daɗi, shi ya sa hukumar wannan lambun ta so reshe a kan dutse.

Yadda ta samu wurin kuwa kyauta ce. Ƙasar asali ta mutanen Darug ce, 'yan asalin yankin, kuma su ne suka nuna wa wani saurayi Archibald Bell hanyar ƙetare duwatsun ta nan a 1823, titin da za ku bi ma sunansa yake ɗauke da shi, Bells Line of Road. Kafin shi wani mai tattara tsirrai George Caley ya iso wurin a 1804 da ƙyar da jiɓin goshi. A shekarun 1930 Alfred Brunet, wanda haifaffen Faransa ne, da matarsa Effie suka sayi filin suna noman furanni suna kai wa masu sayarwa a Sidni, ka ga tun a lokacin manomi ya gane darajar jar ƙasar. A 1972 aka miƙa filin kyauta ga lambun gwamnati, aka buɗe wa jama'a a 1987. Wurin da aka gyara aka shuka kimanin hekta 28 ne, sauran daji ne da aka bari yadda yake, kuma yana jingine da babban yankin Blue Mountains da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, sama da hekta miliyan ɗaya. Babban dalilin sa shi a jerin ma bishiyar turare ce, wadda muka sani a shingayen kare hamada a Kano da Jigawa, asalinta daga can ne kuma a wannan yankin kaɗai akwai sama da iri 90. Man da ganyenta ke fitarwa cikin iska yana cikin abin da ke sa duwatsun su yi shuɗi-shuɗi daga nesa.

Tsirran lambun an jera yawancinsu ne bisa inda suka fito a duniya, ka bar Afirka ta Kudu ka shiga Chile ka gangara Asiya. Kada ku ce sai kun ga komai, da yara ba zai yiwu ba kuma gajiya ce kawai. Ni dai in an bar ni zan ce ku ba lambun duwatsu da ke gangarowa daga ginin baƙi lokaci, wurin da ruwa ke zubowa zuwa tafki, nan ne furotiya na Afirka ta Kudu suke, masu manyan furanni kamar kan mutum. Kusa da su a dangi akwai warata, jan furen da jihar New South Wales ta ɗauka a matsayin alamarta. Dangi ɗaya ne, ɗaya a Afirka ɗaya a Ostireliya da teku tsakaninsu, saboda a da can nahiyoyin kudu a haɗe suke a dunƙule ɗaya da ake kira Gondwana, Afirka da Kudancin Amurka da Antatika da Indiya da Ostireliya, kafin su rabu kowa ya tafi da nasa tsirran. Wani nau'in furotiya ma yana fitowa a dazuzzukan arewacin Najeriya, ba mai ƙawa kamar na Cape ba amma ɗan gidan ne. Abin dariyar shi ne wannan dangin 'ya'yan ƙasar yunwa ne, saiwarsu ta ƙware wajen tsotso ɗan fosforas ɗin da ke cikin yashi har ta kai in ka zuba musu takin zamani mai fosforas da yawa sai su ƙone su mutu, to in wata rana ka sayi warata a tukunya kada ka yi mata gatan NPK. Akwai kuma ɗan fadamar da aka yi wa tsirrai masu cin ƙwari, nan yara za su maƙale, ka bar su.

Sai bishiyar Wollemi, wadda ko don ita kaɗai tafiyar ta biya. Har 1994 masana sun san irinta ne kawai daga burbushin da ke cikin duwatsu, an ɗauka ta ƙare tuntuni. A watan Satumba na shekarar wani ma'aikacin gandun daji David Noble ya sauka wani lungu mai zurfi a gandun Wollemi, arewa da inda za ku, ya ga wasu dogayen bishiyoyi da bai gane ba, ya ɗebo ganye. Cikin masana ukun da suka tantance ta suka ba ta suna a 1995 akwai Jan Allen, wadda a lambun Toma take aiki. Manyan da suka rage a daji ba su kai 100 ba, kuma kusan duk jininsu ɗaya, wato cuta ɗaya tana iya share su, shi ya sa har yau gwamnati ba ta faɗin inda suke, musamman saboda wata cutar ruɓar saiwa da ke bin laka a takalmin mutane. Aka yi dabara aka yawaita ta a lambuna har aka fara sayar wa jama'a a 2006, don kowa ya gani ba sai ya je ya tattake na dajin ba. In kun same ta ku matsa kusa ku dubi ɓawon, launin ruwan ƙasa mai duhu ne da ƙuraje-ƙuraje a jere, ganyen kuma a shimfiɗe layi-layi a jikin reshe, kuma ba ganye ɗaya-ɗaya take zubarwa ba, reshen gaba ɗaya take yarwa. In kun tarar da wurin goge takalmi ko feshin magani a bakin wata hanya ku yi amfani da shi, saboda wannan cutar ce.

Haɗarin gaske a wurin nan wutar daji ce, ba ta ƙarƙashin ƙasa ba. A Disamba 2019 babbar gobarar Gospers Mountain, wadda tsawa ta tayar kuma ta cinye sama da hekta 500,000, ta iso Toma ta ƙone wani ɓangare na shuke-shuken da mafi yawan dajin da ke kewaye, su kansu bishiyoyin Wollemi na daji sai da 'yan kwana-kwana suka sauka da jirgi mai saukar ungulu suka kafa musu bututun ban-ruwa kafin suka tsira. Dajin ya farfaɗo sosai, amma har yanzu za ka ga baƙin gawayi a jikin kututture da sabbin rassa suna fitowa kai tsaye daga jikin bishiyar turare, haka take yi bayan wuta. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne in tafiyar ta faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ka duba sanarwar haɗarin gobara da shafin lambun da safen ranar kafin ku fita, in an ce haɗarin ya yi tsanani ku fasa, titi ɗaya ne kuma daji ne hagu da dama. Lambar gaggawa 000.

Wata kuwa, ka tuna komai a juye yake. In don launi ne, daga tsakiyar Afrilu zuwa Mayu, lokacin da bishiyoyin Turai da Asiya da Amurka ke rikiɗa ja da ruwan ɗorawa kafin su zubar da ganye, shi ne abin da mutumin da ya taso a Kano ko Zinder bai taɓa gani ba kuma ina ganin shi zai fi burge Hajiya, sai dai ranakun Asabar da Lahadi cunkoso ne, in da hali ku je tsakiyar mako. In don fure ne, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin warata, zuwa Nuwamba kuma wani tsiron Chile mai suna puya yana fitar da doguwar sanda mai furanni shuɗi-kore, launin da za ka rantse fenti ne. Disamba zuwa Fabrairu wurin mafaka ne daga zafin Sidni amma ga maganar wuta. Yuni da Yuli ni ba zan kai tsohuwa ba, sanyin yana shiga ƙashi kuma yawancin bishiyoyin tsirara suke, duk da cewa a lokacin ne sararin ke washewa a hango nesa.

Tafiyar kimanin kilomita 100 ce da 'yan kai daga tsakiyar Sidni, ka ba ta awa biyu. Za ka bi ta Richmond, ka haye kogin Hawkesbury, ka hau Kurrajong, ka wuce Bilpin. Jirgin ƙasa a Richmond yake tsayawa, don haka mota ce dole, kuma ka cika tanki tun a ƙasa. Titin yana da lanƙwasa da yawa, yaron da mota ke juya wa ciki a ba shi kujerar taga a riƙe leda. Shiga lambun kyauta ne. Wurin a gangare yake, sauka daɗi dawowa aiki, saboda haka Hajiya ta tsaya a sama wajen ginin baƙi da baranda da lambun da ke kusa, daga nan ma ana hango komai, ku kuma ku gangara. Kowa da jaket ko da kun baro Sidni ana gumi, da hula, don ranar ƙasar nan tana ƙona fata ko ana sanyi. Abinci gara ku taho da naku daga Auburn ko Lakemba da filas ɗin shayi da tabarma, akwai filin ciyawa da yawa na zama, nan ma za ku yi sallah, ka dai tuna alƙibla a can yamma take da ɗan karkata arewa, ka duba waya tun kana da netwok don a kan dutsen yana ɗaukewa a wasu wurare. Bilpin garin tuffa ne, za ku ga rumfuna a bakin titi, wasu gonakin ma suna bari mutum ya tsinka da hannunsa ya biya in lokacinta ne, wajen Fabrairu zuwa Mayu. Amma ka kula da abin da suke kira cider, a Ostireliya yawancinsa giya ne, ka ce ruwan tuffa kake so marar barasa kuma ka karanta kwalbar da kanka.

In kuka shiga ɓangaren kurmin, inda manyan bishiyoyin fan (fern), masu ganye kamar gashin tsuntsu, suke da duhuwa da danshi, a sa safa doguwa a tura wando ciki saboda matsattsaku, musamman bayan ruwa. Ba su da dafi, jini kawai suke sha su faɗi, a sa farce a ture bakin daga gefe a wanke wurin. Macizai akwai masu dafi sosai amma gudun mutum suke, yara dai su tsaya a kan hanya kada su tura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. In kuka ji kukan tsuntsaye iri-iri yana fitowa daga wuri ɗaya a ƙasa cikin ganye, ku yi shiru ku duba, wataƙila tsuntsun nan ne mai kwaikwayo da suke kira lyrebird.

Dawowa in lokaci ya rage kuna iya zarcewa yamma zuwa Bell, ku yanka ta Darling Causeway zuwa Mount Victoria, ku sauko ta babban titin Katoomba, amma da yara da tsohuwa ni ina ganin ya yi yawa a rana ɗaya, a bar Katoomba sai wata fitar. Ku dai baro dutsen kafin magariba, don da yamma hazo na saukowa titin farat ɗaya kuma lokacin ne kangaru da wombat ke fitowa bakin hanya.